Ruwan Tamfol a Kan Allunanmu

Daren Talata, cikin Agusta, Hausari

Astagfirullah, yau ma na yi fushi. Ruwan la'asar ya sake taruwa a tamfol ɗin rumfar da nake koya wa matan unguwa karatu, ya yi tumbi kamar zai fashe. Tun farkon damina nake roƙon Baban Zara ya rage tsawon sanda ɗaya don ruwan ya riƙa zurarewa. Sai ya ce, "Malama, ai taɓarya ta isa." Yana zungurawa, ruwan ya juye a kan allunanmu. Ina kallo tawadar ayoyi ta nufi kwata. Da hannuna na tare, na kwashe ƙasar a kwano, na kai gindin darbejiya. Har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba. Gobe zan aro zarto a gidan Ya Falmata, in yanke da kaina.