Shafuka Arba'in Da Na Ɗinke

Zuwa ga Mai Agogona, sanyin idona, inuwar da na zauna a ƙarƙashinta shekara talatin da ɗaya rana ba ta taɓa ƙona ni ba, ruwan farko da ya sauka a zuciyata ta yi tsiro, kuma mutumin da ya fi kowa taurin kai cikin duk waɗanda Allah ya haɗa ni da su!

Ina gaishe ka gaisuwar da ba ta da bakin iyaka. A kan bencin asibiti nake rubuta maka wannan, na ɗora takardar a kan bangon littafinmu, minti ashirin ke nan da suka tura ka ɗakin tiyata don cire yanar da ta rufe maka ido. Ka ga girman haruffan? Da gangan na yi. Gobe idan likita ya kwance bandejin, na san sai sun fara nuna maka allonsu na gwajin ido da ke bango. To bayan allon ni ce. So nake rubutun da za ka fara karantawa da idonka bayan shekara biyu ya zama na hannuna.

Na san kana jin kaurin takardar za ka yi tsaki, ka ce ga ta nan, ko wasiƙa sai ta mai da ita littafi. Yi haƙuri, maigida, haka ka auro ni.

Ka tuna ranar da na fara shiga shagonka? Agogon babana na kawo, ya tsaya cak. Na same ka da wani siririn littafi a hannu, ko kai ba ka ɗaga ba, sai yatsa ɗaya ka ɗaga mini wai in jira. Na tsaya ina cika ina batsewa har ka kai ƙarshen labarin, ka rufe, ka yi ajiyar zuciya, sannan ka dube ni. Wayyo wannan kallo! Amma maimakon ka ba ni haƙuri, sai ka hango ƙaton littafin da ke leƙowa daga jakata, ka tambaye ni ko na tokare ƙofa ne. Ni kuma na ce naka ai ko fifita ba zai yi ba. Agogon da gyaransa bai wuce rabin awa ba, sau huɗu ka sa na dawo a kansa. Kana tsammani ban gane ba?

Tun ranar muke wannan rigima, kuma wallahi ban taɓa jin daɗin rigima irinta ba. Kai ka ce gajeren labari agogon hannu ne, babu ƙusa ko ɗaya da aka sa don ado, ka cire guda ya tsaya. Ka ce masu dogayen littattafai sai su cinye shafi uku kafin su tayar da mutum daga kujera. Ni na ce ba na son baƙon da zai yi sallama daga bakin ƙofa, kafin in kawo ruwa ya juya. Ina son in zauna da mutanen labari, in san halinsu, in yi fushi da su in huce, in ga 'ya'yansu sun girma. Mai ɗinki ce ni, ka ba ni yadi mai yawa in san inda zan juya, ba ƙyalle ba. Har yaranmu muka raba: babban ya bi ka, auta ta bi ni, ta tsakiya ta ce mu ƙyale ta da lissafinta.

Sai ga yanar nan ta zo a hankali. Ban manta ranar da na leƙo daga ɗakin ɗinki na ga ka kai littafi har kan hancinka ba. Ka daɗe a haka, sannan ka rufe shi, ka ce masu buga littafi na yanzu rowar tawada gare su. Na ce ƙwarai kuwa, na koma kan keke na yi ta taka shi babu komai a ƙarƙashin allura, don kada ka ji kukana. Wata biyu bayan nan ka rufe shagon. Ka jera hantsakinka, da ƙananan sukudirebobinka, da ɗan gilashin nan da kake maƙalawa a ido, ka sa a gwangwani ka tura ƙarƙashin gado. Na san rabin ranka ka rufe a gwangwanin nan.

Daga nan na zama idonka. Kullum da la'asar in rufe keke da zane, in fitar mana da kujeru baranda, in karanta maka. Ya hasken gidana, ka san waɗannan su ne yammatan da suka fi daɗi a rayuwata? Kai ka jingina ka lumshe ido, iska tana kaɗa labule, ni ina karatu, kana gyara mini inda na yi sauri. Cikin wata biyar muka cinye gajerun labaran gidan nan kaf. Muka maimaita. Muka aro na maƙwabta, su ma suka ƙare.

To ga laifina na farko, yau zan amsa shi a rubuce. Ranar da suka ƙare, na ɗauko wannan ƙaton littafi mai shafi ɗari shida, labarin malamar nan da ƙanwarta ta ɓace mata a tashar jirgin ƙasa tana yarinya, ta shafe shekara ashirin tana nemanta. Na karanta maka babi na ɗaya, na ce maka gajeren labari ne. Ka ce ba laifi, sai dai marubucin ya manta bai sa masa ƙarshe ba. Washegari na karanta na biyu. Ka ce wannan malamar ba ita ce ta jiya ba? Na dake na ce marubuta haka suke, ba su gajiya da malamai. Ka gyaɗa kai. Ni kuwa na shiga ɗaki ina rawar kai, wai na yi wa Mai Agogo wayo.

Ashe ni aka yi wa! Sai da muka wuce shafi na ɗari biyu, ranar da shafuka biyu suka manne na tsallake ban sani ba, ka dafa hannuna ka ce in tsaya, yaya aka yi malama ta isa tasha alhali jiya mun bar ta kwance da zazzaɓi? Kunya ta kama ni har tafin ƙafa. Daga baya auta ta tsegunta mini cewa tun ranar farko ka gane, daga ƙarar da littafin ya yi da na ajiye shi a tebur. Ni ma dai da wauta! Kunnen da ke jin ciwon agogo daga bugunsa, shi zan ɓoye wa shafi ɗari shida? Ba ka tona ni ba, ni ma ban tona ka ba. Amma na lura kai ne kake fara jan kujera baranda tun ban rufe keke ba.

Jiya kuma ka roƙe ni abin da ban yi maka ba, har ka ƙi shan shayinka, ka juya mini baya. Ka ce in tsallaka ƙarshe in gaya maka ko malama ta ga ƙanwarta. Ka ce son sani ne kawai. Ba son sani ba ne, maigida, tsoro ne. Ina wurin likita ya ce yanar ta daɗe, zai yi iya ƙoƙarinsa amma ba zai yi alkawari ba. Kai kuma mutum ne da ba ya barin agogo a buɗe ya tashi. So kake ka shiga ɗakin nan ka rufe komai, ka kammala, kamar wanda ba ya sa ran wani abu a gaba. Ni kuwa ban yarda ba. Ban yarda ka shiga da kammalallen labari ba. So nake ka shiga kana jin haushina, kana ƙaguwa ka fito.

Kuma ko na so in gaya maka, ban sani ba. Ga laifina na biyu, wanda ya fi na farko girma. Duk cika bakin da nake yi maka na haƙurin karatu, shekara talatin da ɗaya babu dogon littafin da ban leƙa shafinsa na ƙarshe ba tun kafin in kai rabi. Ka yi dariya son ranka, na cancanta. Amma wannan ban leƙa ba. Da na ji hannuna yana ƙaiƙayi makon jiya, sai na ɗauko allurata mafi siriri da farin zare, na haɗa shafuka arba'in na ƙarshe na ɗinke su ta gefe uku. Ɗinki ne ƙanana ƙanana, fari a kan fari, mafi kyawun ɗinkin hannu da na taɓa yi. Yanzu ni kaina ko da tabarau ba na ganin bakin zaren. Wanda ya sa masa almakashi sai ya yaga takarda. Mutum ɗaya na sani a duniya da ke da ido da hannun da za su warware shi ba tare da ɓata harafi ba.

Shi ya sa na jawo gwangwanin nan daga ƙarƙashin gado yau da safe kana wanka. Hantsakinka da ɗan gilashinka suna cikin jakata yanzu haka, na goge su da gefen mayafina.

Idan kuma Allah bai nufa ba, idan gobe aka kwance bandejin duhun yana nan, to ni zan karanta maka wannan wasiƙa da bakina, ba zan tsallake ko layin da na amsa laifi ba. Sannan in kama yatsanka in ɗora a kan zaren, don yatsunka ba su taɓa yin yana ba. Mu warware tare ko zai ɗauke mu wata guda. Ina za mu je? Kujerunmu na nan, barandarmu na nan, muryata ba ta gaji ba. Me na rasa a zamana da kai, da ido ko babu? Na ƙoshi, wallahi na ƙoshi, abin da nake nema kawai ƙari ne.

Tsaya, ƙofa ta buɗe.

Nas ce ta fito, ta sauke abin rufe bakinta, ta dube ni ta ce an gama lafiya. Ta wuce abinta. Kalma uku, maigida! Babu gabatarwa, babu babi, babu ƙusa ko ɗaya ta ado, ga shi hawaye yana ɗiga a kan takardarka. Shi ke nan, na sallama: ban taɓa jin labarin da ya kai wannan gajeren daɗi ba. Ka ci wannan, amma kada ka saba.

Saura gobe. Idan da idonka ka iso wannan layi, ɗago ka dube ni, ina tsaye bakin taga na juya baya don kunya. Ka miƙo hannu in ba ka hantsakinka. Shekara biyu ina yi maka karatu, shafuka arba'in ɗin nan kai za ka karanta mini, kuma a hankali, kada ka yi sauri.

Taka jiya, taka yau, taka muddin ina numfashi,
Mai ɗinkinka.