Rufin Cocin Tudu

Portskerran,
14 ga Afrilu, 1991

Zuwa ga Yaya Ishbel,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, ke da Fergus da yara da jikoki. Yaya ƙafar taki? Ina fata sanyin Kanada ya sassauta mata. Ni kam lafiya lau, sai tsufa da ke ta leƙowa.

Bayan gaisuwa, maganar da aka shekara uku ana ja ta ƙare. An haɗe ikilisiyoyin garin nan biyu, kuma cocinmu na Tudu aka bari. Na Bakin Teku an rufe shi ranar Lahadin da ta wuce. Na san za ki ji daɗi, tunda a Tudu aka ɗaura auren Baba da Mama, daga can kuma aka ɗauki matata Rhona zuwa makwancinta.

Haɗewar dai dole ce. Mu ba ma cika talatin ranar Lahadi, su ma da kyar suke kai arba'in, ga Rabaran Strachan shi kaɗai yana gudu tsakanin mumbari biyu. Rigimar ita ce wane gini za a riƙe. Kin san mu da su. Tun 1843 da kakanninsu suka fice daga cocinmu don ba su yarda mai ƙasa ya zaɓa musu fasto ba, muke ce musu masu ƙarnin kifi, su kuma suna ce mana 'yan ɗaga hanci. Da aka kasa daidaitawa, sai aka ce wanda rufinsa ya fi lafiya shi za a bari. Ni kaɗai ne kafintan da ya rage a gari. Dougal Mair, babban dattijon Bakin Teku, wanda muka yi aji ɗaya da shi, ya miƙe ya ce ba sai an ɗauko baƙo daga Aberdeen ba, duk abin da Lachlan ya faɗa sun yarda. Na hau rufin duka biyun, na sauko na faɗi nawa, aka yanke hukunci.

Da kin ga yadda suka taho. Bayan sujadarsu ta ƙarshe suka kulle ƙofa, suka hau tudun da ƙafa suna rera zabura, maza huɗu ɗauke da allon nan mai sunayen masuntan da teku ya ci. Da suka iso bakin ƙofarmu Dougal ya cire hula ya ce, "To, 'yan ɗaga hanci, ga ƙarnin kifi ya iso. Sai ku buɗe tagogi." Aka yi dariya, wasu suna share hawaye. Ni aka sa in kafa allon a bango. Shekara arba'in da biyar ina riƙe guduma, amma ranar sau uku ina lanƙwasa ƙusa.

Kwana biyun nan ba na cin abinci sosai. Kada ki damu, zai wuce. Ki gai da kowa.

Ƙaninki,
Lachlan


Portskerran,
20 ga Nuwamba, 1991

Yaya Ishbel,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan kowa na gidan yana lafiya. Wasiƙunki biyu sun iso. Ki yafe mini shirun. Kin tambaye ni me ya sa na ba ki labarin nasara kamar mai sanar da rasuwa. Tun muna yara ba na iya ɓoye miki abu, shi ya sa na ƙi amsawa.

Nan Cargill ta rasu makon jiya, tana da shekara tamanin da takwas. Za ki tuna ta, mai sayar da kifin banda, wadda gidanta ke daura da cocin Bakin Teku. Kakarta na cikin matan da suka yi jigilar duwatsun ginin a kwandon kifi daga bakin ruwa. Nan ba ta taɓa fashin Lahadi ba sai da aka rufe cocin. Tudu ya fi ƙarfin ƙafafunta. Rabaran ya ce zai riƙa ɗaukar ta a mota, ta ce ba za a kai ta gaban Allah kamar buhun dankali ba. Duk Lahadi sai ta sa hularta ta coci, ta zauna bakin taga tana kallon ginin. An sayar da shi ga wani mutumin kudu, ya ciccire bencuna, ya mai da shi ɗakin ajiyar darduma. Haka ta yi wata bakwai. Ni na haɗa akwatin gawarta. 'Yarta Kirsteen ta riƙe hannuna tana godiya, wai aikina ba ha'inci.

Yaya, ƙarya na yi musu.

Rufin Bakin Teku lafiyarsa ƙalau. Katakansa kamar jiya aka ɗora su. 'Yan falankan dutse ne kawai suka zame ta gefen arewa, aikin kwana biyu. Namu ne ya mutu. Da na shiga ƙarƙashin rufin Tudu, warin ruɓa ne ya fara tarbe ni. Na soka wuƙata a babban katakon da ke saman mumbari, ta shige har ƙota kamar a cikin burodi. Na daɗe zaune a wurin. Ta wata 'yar kafa ina hango bencin da Rhona take zama. Da na sauko sai na ce wa taro iskar gishiri ta cinye ƙusoshin Bakin Teku, rufin ba zai ƙara shekara goma ba. Namu kuwa na ce ya tsufa amma zai riƙe. Ba wanda ya yi mini tambaya ko ɗaya. Dougal ma kai kawai ya gyaɗa.

Da rani na saci jiki na kafa tokara biyu a ƙarƙashin katakon, ba da sanin kowa ba, kamar ɓarawo a gidan ubansa. Ba za su daɗe ba. Tun Afrilu ban ji wa'azi ko ɗaya ba. Idona na kan silin, kunnena na jiran ƙara, ga mutane zaune a ƙasa suna waƙa hankali kwance saboda maganata. Ranar jana'izar Nan cocin ya cika maƙil, iska tana kaɗawa, ni kuwa gumi nake yi a cikin sanyin nan.

Na ce wa kaina don Baba da Mama na yi, don Rhona na yi. Amma kin san Rhona. Da tana raye da ita za ta fara kai ni gaban Rabaran.

Ki faɗa mini duk abin da ya zo bakinki. Ki gai da Fergus, amma kada ki karanta masa wannan tukuna.

Naki,
Lachlan


Portskerran,
9 ga Maris, 1992

Yayata Ishbel,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji an yi wa Fergus aikin ido, Allah ya ƙara sauƙi. Amsarki layi huɗu ce, amma ta ishe ni. Kin ce ba ke na zalunta ba, don haka ba ke za ki yafe ba.

Na faɗa musu a taron dattawa, Lahadin farko ta Disamba, bayan an tashi daga sujada. A tsaye na yi maganar, ban rage komai ba, har da tokarar. Rabaran Strachan ya tambaye ni ko akwai haɗari, na ce akwai. A ranar ya sa aka kulle cocin. Dougal bai ɗaga murya ba. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi, sannan ya ce, "Ni na je gidan Nan na ba ta haƙuri, Lachlan. Na ce mata kai ka duba, kuma kai ba ka ƙarya." Ya ɗauki hularsa ya fita. Da marina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na ajiye muƙamina na dattijon coci. Ginin Bakin Teku ba zai dawo ba, mai shi ya ce ya riga ya zuba kaya. An ɗauko masana daga Aberdeen, sun ce rufin Tudu zai gyaru, amma ba za a gama ba sai kaka. Na roƙi a bar ni in yi aikin, aka ce in yi a ƙarƙashin wani. Yanzu saurayin da bai kai shekarun gudumata ba ne yake duba kowace ƙusa da na buga, kuma daidai ne.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne mutanenmu na Tudu. Wasunsu ba ƙaryar ce ta ɓata musu rai ba, tonawar ce. Har a shagon burodi wata ta ce mini da na yi shiru na gyara a hankali, wa zai sani. Na je wurin Kirsteen. Ta saurare ni a bakin ƙofa har na gama, ba ta ce in shigo ba. Ta ce ta ji, ta rufe ƙofa a hankali.

Yanzu a zauren makarantar firamare muke sujada, a kan 'yan kujerun yara, gwiwoyinmu kusan a haɓa. Ba layin Tudu ba layin Bakin Teku, kowa inda ya samu. Ni can baya nake zama, kusa da ƙofa.

Jiya aka yi jibin Ubangiji, aka raba gurasa, Dougal ne ke zagayawa da ƙoƙon inabin. Na riga na yanke cewa ba zan karɓa ba, don haka da ya iso layina na sunkuyar da kai, na naɗe hannuwana. Bai wuce ba. Ya tsaya a gabana riƙe da ƙoƙon, idonsa na kan bango, har mutane suka fara waiwayowa. Can ya ce a hankali, "Karɓi mana, hannuna ya gaji." Na karɓa na sha, har ya zuba mini a riga.

Kada ki ɗauka an shirya. Yau da safe mun haɗu a bakin tashar jiragen ruwa, ya wuce ni kamar bai gan ni ba. Ban ga laifinsa ba. Na dai gaishe shi, gobe ma zan gaishe shi.

Ki gai da Fergus da yara. Yanzu kina iya karanta masa duka ukun.

Ni ne ƙaninki,
Lachlan Petrie