Ƙusa a Birkin Motar Baba

Zuwa ga Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da maiɗakinka da yara. Yaya zaman Ikko? Mu nan sai godiya, ko da yake haƙorana biyu na gaba sun tafi.

Fil ɗin da ke riƙe birkin gaba na tsohuwar motar marigayi Baba ne ya cinye. Na karaɗe Kontagora ban samu irinsa ba. Bakanikenmu Ɗanjuma ya ce in bar masa komai.

Ranar Laraba, dab da garin Bobi, na taka birki, sai motar ta fizge ta afka cikin garken shanu. Ta karya wata saniya, a nan aka yanka ta. Makiyayan suka jawo ni ta taga, suka rufe ni da sanduna har na daina gani. Ba don wani dattijonsu ya kwanta a kaina ba, da yanzu ta'aziyyata ake maka.

Da aka janyo motar gida, na sa aka kwance tayar. Yaya, ƙusa inci shida Ɗanjuma ya yanke ya cusa a madadin fil ɗin! Wai duk ƙarfe ne. Na shaƙe shi, na yi ta gwara kansa da ƙofar motar, sai da mutum huɗu suka ɓamɓare ni.

Ka gaida Kawu Bala, ku sa mu a addu'a. Ga tsohon fil ɗin nan cikin ambulan. Ka kai wa masu kayan mota, a auna tsayi da kauri a kan idonka, ka sayo mini irinsa. Duk wanda ya ce maka duk ƙarfe ne, ka tuna bakina.

Ƙaninka,
Isa