Rasuwar Baba Kwarkwaro da Shafin da Aka Ji Nauyin Gyarawa

Cikin alhini mai nauyi, da zukatan da suka sallama wa hukuncin Ubangiji, Majalisar Dattawa da ɗaukacin membobin Ƙungiyar Masu Gyaran Keken Ɗinki suna sanar da jama'a cewa mun sami labarin rasuwar Mai Girma Mataimakin Shugabanmu, Uban Masu Gyara, Mai Kula da Rumbun Sanin Ƙungiya, dattijon da manya da yara suka sani da Baba Kwarkwaro, wanda Allah ya karɓi ransa a gadon asibiti bayan doguwar jinyar da ta fara cinye masa ido kafin ta kai ga sauran jiki. Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma.

Marigayin ya sami wannan suna tun yana saurayi a bakin tebur, domin kamar kwarkwaron da ake naɗa wa zare a cikin keke, ba ya tsayawa wuri ɗaya sai aiki ya ƙare. Mun shiga sana'a tare da shi a zamanin da mai gyara yake rufe hannunsa da tsumma idan zai saita ƙoshiya, wato ƙarfen da ke kama zare a ƙarƙashin allura, don kada na kusa da shi ya ga yadda ake yi. A haka muka taso, kuma a haka akasarin sa'o'inmu suka koma ga Allah, kowa da abin da ya sani a cikin kansa. Kamfanonin da suka ƙera tsofaffin kekunan sun daɗe da rufewa, littattafan da suka zo da su gara ta cinye, amma kekunan suna nan a ɗakunan mata da shagunan teloli suna ciyar da iyali. Ranar da muka dawo daga jana'izar Gurgu, wanda shi kaɗai ya iya keken ɗinkin takalma, marigayin ya zauna a benci bai ko cire hularsa ba, ya ce mana: "Yau ba Gurgu kaɗai muka binne ba. Mun binne duk keken takalman da ke garin nan."

Tun daga wannan rana, a shekarun da mu sauran muka daina koyon kowane sabon abu, shi ya durƙusa gaban 'yarsa ta biyu, wadda ta yi karatun kwamfuta, ya koyi dannawa da yatsun da man keke ya rina. Daga bisani ya kawo wa ƙungiya abin da ake kira wiki, wato rumbun shafuka a intanet wanda kowane memba zai iya buɗewa ya rubuta abin da ya sani, ya ƙara a kan na wani, ko ya gyara kuskuren da ya gani. Kafin nan wani kamfani ya zo mana da irin nasa rumbun, mai kyan gani ƙwarai. Marigayin ya tambayi wakilinsu ko za a iya buɗe cikinsa a ga yadda yake aiki, aka ce masa ba a yarda ba, sai ya miƙe ya ce: "Ɗana, ni da na ƙare rayuwata ina kwance cikin inji, ba zan zuba ilimin mutane a akwatin da aka hana ni leƙa cikinsa ba."

Saboda haka ya zaɓi manhajar da maginanta suka bar tushenta a buɗe, ba a saye, ba a neman izinin kowa, duk mai sani yana iya dubawa ya gyara ta yadda ta dace da shi. Da wannan dama shi da 'yarsa suka mayar da maɓallanta zuwa harshenmu, suka ƙara wa baƙaƙen girma saboda idanun tsofaffi, suka sa ta riƙa buɗewa a ƙaramar waya. Kwamfutar da ke ɗauke da rumbun tana ɗakin ƙungiya har yanzu, a kan teburin wani tsohon keke da aka cire wa kai, fedarsa ta ƙarfe tana nan a ƙasa, kuma marigayin yakan taka ta idan yana tunani. Ya tabbatar akwai kwafi a wani wurin daban, ya kuma raba ikon kulawa ga mutane da dama, don kada komai ya rataya a wuyan mutum ɗaya.

Kowane irin keke ya sami shafinsa, kowane shafi yana kai mutum ga shafin allura, ko na bel, ko na haƙoran da ke jan yadi. Mai gyaran da keke ya gagara yakan rubuta "tsallake ɗinki" kawai, abin da dattawa suka sani ya fito masa har da hotuna. A bayan kowane shafi akwai wurin tattaunawa, kuma a nan ne Mai Girma Shugaba da Mai Walda suka shafe damina guda suna musu a kan man da ya fi dacewa da ƙoshiya, har marigayin ya rubuta musu: "Ku tsofaffin nan, ku yi ta cacar bakinku a bayan shafi, amma gaban shafi na jama'a ne." Sannan duk gyaran da aka yi, manhajar tana ajiye na da tare da sunan wanda ya rubuta. Mun ga ranar da Ma'ajinmu ya share shafi sukutum da babban yatsansa, ya rugo wurin marigayin, shi kuwa ya dawo da shafin da dannawa ɗaya, ya ce masa ya je ya sha ruwa, kada ya mutu kafin lokacinsa.

Akwai abin da Majalisa ta umarce ni in faɗa a wannan sanarwa, ko da yake ba a saba jin irinsa a saƙon ta'aziyya ba. A sana'armu ba a sa hannu a keken da wani gwani ya kwance, kuma idan gwani ya rasu, teburinsa yana nan yadda ya bar shi har sai mafi tsufa a cikinmu ya zo ya ɗaure abin da ya bari a buɗe. Wannan ladabi yana da kyau a teburin gyara, amma mun ɗauke shi mun shiga da shi cikin rumbun. Membobi sukan ƙara sabon shafi, sukan sa hoto, amma su taɓa layin da Baba Kwarkwaro ya rubuta, wannan ya fi ƙarfinsu. Ya yi faɗa a kan haka har ya gaji. Yakan ce: "Shafi ba kabari ba ne. In na rubuta shirme ku gyara, ba cizo nake yi ba, haƙoran ma babu."

A watanninsa na ƙarshe, ido ya riga ya yi nisa, ya sake rubuta shafin baƙin keken nan mai zanen furanni, wurin da ake bayanin saita sandar allura. Inda ya kamata ya ce a ɗaga sandar, sai ya rubuta a sauke ta. Shi kansa bai amince da idonsa ba, domin a bayan shafin ya bar roƙo cewa wani ya duba masa. Membobi da dama sun ga kuskuren. Yana asibiti suka ce ba a kunyata marar lafiya, da ya cika suka ce ba a taɓa aikin mamaci. A tsakanin nan wani mai gyara ya bi shafin yadda yake, allura ta daki ƙoshiyar wata baiwar Allah mai ɗinkin kayan makaranta, bakin ƙoshiyar ya karye, kuma irin wannan ƙoshiya an daina ƙera ta. Ta same mu a ɗakin ƙungiya muna zaman makoki, ta kwance gefen mayafinta ta ajiye mana guntayen a kan tebur, ta ce: "Iyayena, ni ban san mamacinku ba, Allah ya jiƙansa. Amma ku da kuke da rai, me kuke yi?" Ta bar mana guntayen ta fita. Kekenta yana tsaye har yau, kuma da shi take ciyar da 'ya'yanta. Ƙungiya tana roƙon duk wanda yake da irin wannan ƙoshiya a cikin tarkacensa ya kawo ta ɗakin ƙungiya ba tare da jinkiri ba.

Muna so jama'a su sani cewa wannan ba aibin marigayin ba ne. Shi ya gina abin da aka yi don a gyara, ya kuma roƙa a gyara. Mai ɗakinsa, Hajiyarmu, ta gaya mana cewa a asibiti kullum yakan sa 'yarsa ta buɗe shafin da ke nuna sauye-sauyen baya-bayan nan, ta karanta masa wa ya gyara me. Tun da ya kwanta babu wanda ya taɓa komai, sunansa ne a sama, sai yarinyar ta rasa abin karantawa. Hajiya ta ce juya fuskarsa kawai yake yi ga bango.

Ga Hajiya, wadda ta jure ƙarar keke da warin mai a tsakar gidanta tun tana amarya; ga 'yarsa, wadda ta amince za ta ci gaba da kula da kwamfutar da manhajar; ga sauran 'ya'yansa maza da mata, da jikoki, da duk waɗanda suka koyi riƙe sukudireba a hannunsa, Mai Girma Shugaba da Majalisar Dattawa suna miƙa ta'aziyyarsu, suna kuma neman gafararku a kan shirun da muka yi masa. Allah ya ba ku haƙuri da juriya, ya tsaya muku a inda yake tsaya muku. Allah ya gafarta masa, ya haskaka makwancinsa, ya mayar masa da ganin da ya rasa da wanda ya fi shi, ya sa ilimin da ya tara wa mutane ya riƙa isa gare shi.

A ƙarshe, bisa ƙa'idar sana'a, ɗaure abin da marigayi ya bari ya faɗo a kan mafi tsufa, kuma yanzu ni ne, domin babu sauran wanda muka fara tare. Yau da safe na je ɗakin ƙungiya, na zauna a kujerarsa, na buɗe shafin baƙin keken, na cire "a sauke" na sa "a ɗaga". Rubutunsa na da bai ɓace ba, yana nan a tarihin shafin da sunansa a jiki, duk mai so zai gani. Rumbun nan ba kamfanin da zai iya rufe shi, kuma ko kwamfutar ta mutu za a ɗora shi a kan wata. Jin nauyinmu ne kaɗai zai iya kashe shi. Yanzu sunana ne a saman jerin masu gyara, ni kuwa ƙafafuna da ƙyar suka kai ni can, kuma ban san ko za su sake kai ni ba. Ina roƙon kowane memba, babba da ƙarami, ya buɗe shafi ɗaya da Baba Kwarkwaro ya rubuta, ya karanta shi da idon mai gyara, ya sa hannu. Ku fara da nawa idan nasa ya yi muku nauyi. Kada ku bari mutuwa ta same ni sunana yana sama.

Malam Tsohon Akawu
Kakakin Ƙungiya kuma Dattijon Majalisa
A madadin Ƙungiyar Masu Gyaran Keken Ɗinki