Na Zaɓi Fuseina, Ta Hana Ni Alfarma

Madinat Khalifa, Doha.

Zuwa ga Yayata Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigida da yara duka. Yaya ƙafar Mama? Kin ce ta ajiye maganin wai ta ji sauƙi. Ki gaya mata aikina na jinya bai tsaya a Doha ba, har Kafanchan yana kaiwa, ta koma ta shanye shi tas. Allah ya ƙara mata ƙarfi, ya ba ku damina mai albarka. Mu nan lafiya lau, sai zafin da ya kankama. Maigidana Reuben ba ya samun zama, kowane gida na'urar sanyaya ɗaki ta lalace shi ake nema. Kevin kuwa ya yi tsawo, murya ta fara buɗewa, abinci ba ya kwana a tukunya.

Na san za ki yi mamakin doguwar wasiƙa alhali kullum muna waya. Maganar ta shafi 'yata Tracy ce, kuma idan na ɗauko ta a waya kuka zai rufe min baki kafin in kai ƙarshe. Ke kika riƙe min yarinyar nan tun da muka taho, ke ya kamata ki fara ji, ki kuma ji daga tushe.

Kin san makarantar da Kevin yake, ta 'ya'yan baƙi ce masu ƙaramin ƙarfi irinmu, Indiyawa da 'yan Sudan da 'yan Kenya da mu da 'yan Ghana. Kowa ita yake nema, gurbi kuwa babu. Akwai layin jira, amma da can suna ne kawai. Larabawa suna da wata kalma, wasta, wato alfarmar da ake yi maka don ka san wani. Mai wasta ɗansa ya sauka daga jirgi yau, jibi yana cikin aji. Marar shi kuwa ya yi ta sintiri a ofis ana ce masa ya dawo gobe. Shi ya sa har yau Tracy take wurinki, don ba mu so mu kawo ta ta zauna a ɗaki tana kallon bango. Makarantar tana da kwamitin gudanarwa, a ciki akwai kujera ɗaya ta iyaye da ake zaɓa duk shekara biyu. Da ba ma ko kula da zaɓen, masu manyan motoci ne suke miƙa wa junansu.

To, bana wata mata ta fito takarar kujerar, Hajiya Fuseina. 'Yar Zangon Kumasi ce, mahaifinta fataucin goro ya yi, ita kuma ta koyar a firamare shekaru da dama kafin mijinta Malam Aruna ya samu aikin kula da wata gona a Umm Salal ya ɗauko su. A bakin ƙofar makaranta na fara saninta. Na ji wata tana yi wa yaro faɗa da Hausa, na juya da sauri har na kusa tuntuɓe. Gajeriya ce, ba ta da jiki, amma idan ta buɗe baki har mai gadi gyara tsayuwa yake yi. Hausarsu ta Zango ce, ni da ita kullum muna tsokanar juna a kan wa ya fi iyawa, ta ce tamu ta yi laushi, in ce tasu ta yi gudu.

Abin da ya sa nake ganin girmanta shi ne abin da ta yi da nata baƙin cikin. Da suka zo, ɗanta ya kusa shekara biyu yana zaune a gida babu gurbi. Da wata ce, da ta zauna ta yi ta tsine wa ofis. Ita kuwa ta ture kujerun falonta, ta sayo ɗan allo, ta fara koyar da shi. Maƙwabta suka ji, suka turo nasu da ke zaune. Ba ta tambayi ƙasar kowa ba, balle addininsa. Na taɓa shiga na tarar da ita durƙushe tana riƙe da hannun wata 'yar Nepal tana koya mata rubuta sunanta, tukunyar shinkafa da wake tana tafasa a baya. Ɗan nata yanzu yana ajin ƙarshe, amma allon bai sauka daga bango ba.

Da ta ce za ta tsaya, mutane suka yi dariya. Abokin takararta babban injiniya ne, ya kama zaure a otal ya cika iyaye da shinkafa da kaza. Ita ba ta da ko hoton liƙawa. Sai ta bi iyaye inda suke. Ta je kasuwar Souq Waqif ta tsaya da masu tura kaya da ma'aikatan gidajen abinci a lokacin hutunsu, ta zo ƙofar asibitinmu tana jiran a tashi daga aiki. Maganarta ba ta da yawa. Ta ce idan ta shiga, layi zai zama layi, wanda ya riga zuwa shi zai riga shiga, ko ɗan wane ne. Ta ce za ta nema a buɗe karatun yamma, tunda ajujuwan suna zama fayau daga azahar alhali yara suna gida. Ta kuma ce yaron da ya zo daga ƙasarsu Turancinsa bai nuna ba, a ba shi malamin da zai taimaka masa, a daina mayar da shi baya cikin ƙannensa yana jin kunya. Yaya, ni ce babbar mai tallarta. Na yi ta magana a coci har matar fasto ta tambaye ni ko 'yar'uwata ce, na ce ƙwarai kuwa.

Ranar Juma'a aka yi zaɓen. Kin san a nan Juma'a muke zuwa sujada, don ita ce ranar hutu. Muka fito daga coci da kwalliyarmu, su Malam Aruna suka sauko daga masallaci da fararen kaya, muka haɗu a layi ɗaya muna gumi. Mu ma'aikatan jinya mun yi ta musanyar aiki da juna don kowa ta samu ta jefa ƙuri'a. Reuben ya mayar da motar aikinsa ta haya, yana ta jigila yana kiran yalla yalla, wato mu je mu je, kamar wanda aka haifa a nan. Da aka faɗi sakamako ta ci da rata mai yawa, na yi guɗa a gaban Indiyawa, Kevin ya ɓuya a bayan babansa. Ita kuwa ko murmushin kirki ba ta yi ba, ta ce mu yi mata addu'a, aikin yanzu ya fara. Zaman kwamiti na farko ta kawo maganar layi, ta dage har aka amince a riƙa sanar da iyaye matsayin kowane yaro a fili.

Ga inda maganar take. Watan jiya wani iyali ya koma ƙasarsu, gurbi ɗaya ya buɗe a aji huɗu, ajin Tracy. Na duba, Tracy ce ta biyu a layi, yarinya ɗaya ce a gabanta. Zuciyata ta ce ai khalas, an gama, wa nake da shi a kwamiti in ba Fuseina ba? Na dafa miyar kuka da busasshen kifin da kika aiko, na sa Reuben ya kai ni Umm Salal. Ta karɓe ni hannu bibbiyu, ta ci tuwon har tana santi. Da na kawo maganar sai ta wanke hannu, ta zauna kusa da ni. Ta ce ta san Tracy ce ta kawo ni, kuma tun ranar da gurbin ya buɗe take tunanina. Ta ce yarinyar da ke gaba 'yar wani ɗan Sudan ce mai gasa burodi, ta fi shekara tana zaune a gida. Ta ce idan ta ɗaga Tracy ta sa a gaba, to me ta je yi a kwamitin, kuma da wane ido za ta kalli mutanen da suka bar aikinsu suka tsaya a rana saboda ita, har da ni. Na tuna mata wahalar da na sha a kanta. Ta ce ba ta manta ba, kuma ba za ta manta ba, amma ba da gurbin 'yar wani za ta biya ni ba.

Ba zan ɓoye miki ba, raina ya ɓaci sosai. Na tashi ko kwanukana ban ɗauka ba. Duk hanya ina zazzaga wa Reuben faɗa kamar shi ya hana. Da muka iso gida sai ya ce shi dai ya ji wata mata a coci tana rantsuwa cewa Fuseina ba za ta yi wa kowa alfarma ba, yana mamaki ko na san matar. Ranar bai ci abincina ba. Fuseina ta kira ni ban ɗauka ba, ta aiko da kwanukan cike da shinkafa da wake na bar wa Kevin.

Ana haka aka kira taron iyaye a kan karatun yamma. Na je ne da niyyar in zauna a baya in haɗe rai ta gani. Wasu a kwamitin ba sa so, suka ce wahala ce, ina malamai, ina motocin ɗaukar yara. Fuseina ta miƙe, kai da ƙyar ya wuce teburin, ta amsa musu ɗaya bayan ɗaya ba tare da ɗaga murya ba. Ashe ta riga ta zagaya ta nemo matan da suka yi koyarwa a ƙasashensu suke zaune a gida, ta zo da wasunsu taron. Daga ƙarshe ta ce akwai wata uwa da ta sani, tana kula da 'ya'yan mutane a asibiti kullum, tata 'yar kuwa tana wata ƙasa, a waya take ganin girmanta. Ta ce ita da bakinta ta hana uwar nan gurbi, kuma ba ta yi nadama ba, amma ba za ta samu natsuwa ba sai ranar da ba za a sake sa wani ya zaɓa tsakanin yara biyu ba. Ba ta ambaci sunana ba, ba ta ko kalli inda nake ba. Na sa gyale na rufe fuska. Da za mu fita na ga mai burodin nan riƙe da hannun 'yarsa, sanye da rigar makarantar da ta yi mata yawa, tana ta shafa aljihun. Na je na rungume Fuseina a gaban kowa.

An amince da karatun yamma, Yaya. Amma sai an samu izinin hukuma an ɗauki malamai, kuma Fuseina ta gaya min gaskiya, ba zai yiwu bana ba, sai baɗi. Tracy ce ta farko a layi yanzu, ba wanda zai tsallake ta, wannan kam na san shi kamar yadda na san sunana, don na gwada ƙofar da kaina na ji ta a kulle. Sai dai ni na yi wa yarinyar nan alkawari da bakina cewa watan Agusta za ta zo. Ina roƙonki ki sake riƙe min ita shekara guda, ki je wurin shugabar makarantarsu ki ce kada a cire sunanta. Na san nauyin da na ɗora miki ba ƙarami ba ne, Allah kaɗai zai saka miki.

Ki gaishe min da Mama da kyau, da maigidanki Baba Hananiya, da Vanessa da ƙannenta, da Gwaggo Asabe idan ta shigo gari. Reuben da Kevin suna gaishe ku. Fuseina ma ta ce in gaishe ki, wai tana so ta san matar da ke riƙon 'yarta.

Abu ɗaya ya rage. Kada ki gaya wa Tracy komai, ni na yi alkawarin, ni zan warware shi. Zan kira ranar Lahadi bayan kun taso daga coci. Ki zaunar da ita a jikinki, ki riƙe wayar da hannunki, don na san za ta so ta ajiye ta tashi. Idan ta yi fushi da ni ki bar ta ta yi, tana da gaskiya. Kuma idan kin ji na yi shiru a tsakiyar magana, ba layin ne ya yanke ba, ki ɗan jira ni.

Taki har kullum,
ƙanwarki Liatu.