Sulallan da Na Ɓoye wa Yayana

Goggo mai shawara, don Allah ki taimake ni. Amma kada ki yi mini wa'azi, dabara nake nema.

Yayana tsohon ma'aikacin safiyo ne, wato awon ƙasa. Tun da ya yi ritaya ba shi da aiki sai bin tsofaffin taswirori a ɗakin karatu, yana neman inda kasuwanni suka taɓa ci shekaru ɗaruruwa da suka wuce. In ya gano wuri sai ya nemi izinin mai gona, mu tafi ranar Asabar da na'urar gano ƙarfe a ƙasa, mu nemi sulallan mutanen da. Na'urar tsohuwa ce, ba ta nuna komai a ido, ƙara kawai take yi a abin kunne. Shi kuwa Yaya kunnensa ya mutu, sai an yi ihu yake ji. Don haka ni ke rataya ta, shi yana biye da taswira da jan biro.

Sulen farko da muka samu, ni na ji ƙarar, ni na durƙusa na tono shi har farcena ya karye. Da aka kai shi gidan tarihi, sunan Yaya kaɗai aka rubuta a jikin gilashi. A gaban mutane ya nuna ni ya ce ga mai ɗaukar masa kaya. Ni, mai shekara hamsin da biyu, mai jika! Ranar na ci alwashi a raina.

Daga nan, duk sanda na'urar ta yi ƙara sai in taka wurin da dunduniya, in ƙirga taku zuwa bishiya mafi kusa, in juyo in girgiza masa kai. Shi kuma ya ja jan biro a kan taswira, ya soke wurin. Ranar Laraba in koma ni kaɗai in tone abina. Shekara biyu ke nan, sulalla arba'in da ɗaya suna gwangwanin madara a ƙarƙashin gadona. Ba zan ɓoye miki ba, daɗi nake ji in na ga yana sosa ƙeya, wai shi masani.

To, ga matsalar. Yaya ya ɗauka ƙwaƙwalwarsa ce ta fara taɓuwa. Matarsa na masa tsiya wai wurare goma sha tara ko ƙusa bai samo ba. 'Yarsa ta kai shi asibiti a gwada masa tunani. Ya daina fita, yana zaune a falo yana kallon bango, taswirorin kuwa matar ta shimfiɗa su a kantar kicin tana ɗora tukwane. Wata uku ina yawo ni kaɗai, ban samu komai ba sai murafen kwalba, don ban iya karanta taswira ba. Ta yaya zan lallaɓa shi ya koma bincike ba tare da ya gane ba? Na yi tunanin in bar masa sule ɗaya ya samu, ko zai farfaɗo.

Ƙanin mai taswira

Ɗana, na karanta wasiƙarka sau biyu, ina neman inda ka ce kana tausayin yayanka. Ban gani ba. Sabon fili kake nema.

Gaskiyarka a wuri ɗaya: ya wulaƙanta ka, kuma sunanka ya cancanci zama a jikin gilashin nan. Amma maganin wannan magana ce ta minti biyar, ko da ihu ne. Kai kuwa ka zaɓi ka yi amfani da kurumtar mutumin da ya amince da kunnenka. Sulallan ba su dame ni ba. Sau goma sha tara ya yi daidai, sau goma sha tara ka sa ya soke kansa da hannunsa, har ya yarda a gwada masa hankali. Wannan mugunta ce, ba ramuwa ba. Sule ɗayan da kake son jefa masa kuwa, haka ake wa kaza da tsaba kafin a kama ta.

Ga abin yi. Ka ɗauki gwangwanin da safe ka kai gidansa, a gaban matarsa da 'yarsa, tunda a gabansu mutuncinsa ya zube. Ka kwashe tukwanen, ka kawo taswirorin, ka ɗora kowane sule a kan jan layin da ya ja. Sannan ku sanar da masu gonakin da gidan tarihi, don da izinin da aka ba shi ka riƙa shiga, kuma abin tarihi ba na ƙarƙashin gado ba ne.

Mai yiwuwa ba zai sake fita da kai ba, mai yiwuwa ya daɗe bai amsa gaisuwarka ba. Ka jure. Kuma kada ka yi ƙunƙuni ka ce ai ka faɗa. Ka san ba ya ji. Ka rubuta masa da manyan baƙaƙe cewa hankalinsa lafiya lau, ƙaninsa ne ya yi masa ƙarya.

Allah ya ba shi lafiya, kai kuma ya ba ka ƙarfin halin ƙwanƙwasa ƙofarsa.

Goggo