Hotunan Kaka da Ba Su Fito Ba

Bergen, 9 ga Oktoba

Yaya Femke,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar Mama? Ni lafiya lau, ruwan sama ne dai ya ƙi ɗagawa.

Sau uku kina tambayar hotunan bikin cikar Kaka shekara casa'in, ina ta kewaye-kewaye. Kin tuna na sa kin maida kyamararki ta dijital jaka, na hana kowa ɗaga waya, wai hoton kirki sai na fim? Kika ce, "To gwani, mun bar maka."

Yaya, ashe fim ɗin bai kama ba tun da na saka shi. Sau talatin da shida ina ɗaukar iska. Da mai wankin hoto ya ɗaga shi a haske, ko inuwa babu. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ga shi mun binne Kaka, Mama kuma ta sayi firam tana jira.

Don Allah ki bincika a hankali, ko wani ya ɗauka a ɓoye. Ko karkatacce ne ina so. Allah ya sa ranar nan an samu wanda ya raina ni.

Ƙaninki,
Joris